Shekara 40 da rasuwar Mamman Vatsa: me muka riƙe game da shi ban da ranar da aka harbe shi?

Malamin Adabi, Zariya

Assalamu alaikum. Ranar 5 ga Maris 2026 aka cika shekara 40 cif da harbe Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa a gidan yarin Kirikiri da ke Legas, shi da wasu hafsoshi tara, a 1986, bayan kotun soja ta same su da laifin ƙulla wa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida juyin mulki. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani abu da ya faru a ajina makon jiya. Na rubuta sunansa a allo, na tambayi ɗalibai ko wane ne. Waɗanda suka taɓa jin sunan ba su kai goma ba, kuma dukkansu amsa ɗaya suka bayar: abokin Babangida ne da aka kashe. Babu ko mutum ɗaya da ya san cewa mutumin nan ya wallafa littattafan waƙoƙi da na yara da suka kusa ashirin, alhali kuwa ɗaliban adabi ne nake magana da su.

An haife shi ranar 3 ga Disamba 1940, ɗan jihar Neja ta yanzu ne. Ya yi sakandare a Bida daga 1957 zuwa 1962, aji ɗaya da Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar, kuma a watan Disamba 1962 ya shiga makarantar horar da sojoji ta Kaduna, daga nan aka tura shi Indiya ya ƙarasa horon hafsa. Ya yi yaƙin basasa, ya riƙe bataliya ta 21, daga baya ya shugabanci birged a Ogoja da Kalaba, ya riƙe rundunar da ke tsaron fadar shugaban ƙasa da makarantar sojan ƙasa ta Jaji, sannan ya zama ministan Abuja daga 1984 har zuwa lokacin da aka kama shi a Disamba 1985. Shekara 45 ya yi a duniya. Roƙona ga jama'ar wannan zaure shi ne mu yi magana a kan shekarun nan 45, domin maraicen Larabar nan guda ɗaya da aka harbe shi ya riga ya cinye duk wata hira da ake yi a kansa.

Tsohon Samanja, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tuna da shi. Ni ban yi aiki a ƙarƙashinsa ba, saboda haka ba zan ce na san halinsa na kusa ba, amma na shiga soja ana tsakiyar yaƙi, kuma na san yadda bariki yake a shekarun da suka biyo baya. Akwai abin da nake so yaran yanzu su gane. A lokacinmu an ɗebi mutane da yawa cikin gaggawa, wasu daga gona aka ɗauko su, wasu daga tasha, kuma da yawanmu ko sunansu ba sa iya rubutawa da boko. Ni da na yi firamare, rabin aikina na dare shi ne rubuta wa abokai wasiƙa zuwa gida. Mutum zai zauna a gefen gadona da fitilar kwano, ya ce in rubuta wa mahaifiyarsa cewa yana nan lafiya, in ce a gai da wane da wane, in tambaya ko an sami damina. Idan na ce masa ko akwai abin da zai ƙara game da abin da ya gani a fagen daga, sai ya yi shiru ya ce a'a, rufe kawai. Haka muka dawo da abin a cikinmu, wasu ya kai su ga shaye-shaye, wasu ya kai su ga dukan iyali.

To, a irin wannan rundunar ce wani babban hafsa ya tashi ya ce sojoji su rubuta waƙa, ya tattara abin da suka rubuta, aka buga shi littafi a Inugu a 1978 da sunan *Voices from the Trench*, wato muryoyin da suka fito daga ramin yaƙi. A Inugu fa, garin da aka yi yaƙi a kansa shekara goma da 'yan kai kafin nan. Wanda bai zauna a bariki ba ba zai san nauyin wannan ba. A wurinmu kurtu ba ya da bakin magana, abin da aka sani shi ne a ba shi umarni ya ƙame ya sara.

Sai dai, Malam, ina ganin ba za ka iya raba rayuwar da mutuwar ba, ko ka so ko ka ƙi. Ni ina gaban akwatin talabijin a daren da ministan tsaro na lokacin, Janar Domkat Bali, ya fito ya ba da sanarwa, kuma sai da ya kai ƙarshen jawabin ya ce an riga an zartar da hukuncin. Babu wanda ya ce uffan a ɗakin.

Ɗalibi, Minna

Ina gaisuwa ga iyaye da malamai. Ina da tambaya ga Malamin Adabi, kuma ina fatan ba za a ɗauke ta rashin ladabi ba. Shin waƙoƙin nasa suna da inganci a karan kansu, ko kuwa ana ambatonsu ne saboda janar ne ya rubuta, kuma saboda yadda ƙarshensa ya kasance? Na tambaya ne domin ban taɓa ganin an sa su cikin manhajar da muka karanta ba.

Malamin Adabi, Zariya

Babu rashin ladabi a ciki, ɗana, tambayar da ta kamata ke nan. Zan faɗa maka ra'ayina ba tare da shafa mai ba. Idan ma'auninka shi ne zurfin ma'ana da sarƙaƙiyar salo, irin wanda ake samu wurin marubucin waƙoƙi Christopher Okigbo, wanda shi ma ya ɗauki bindiga a ɓangaren Biyafara aka kashe shi kusa da Nsukka a 1967, to Vatsa bai kai can ba, kuma ban ga alamar can ya nufa ba. Waƙoƙinsa gajeru ne, harshensu a fili yake, wani lokaci ma sauƙin yana yin yawa har ka ji kamar bayani ne aka yanyanka shi baiti-baiti. Littafinsa na farkon shekarun 1970 a kan manyan biranen jihohin Nijeriya yana da wannan raunin a wurare da dama.

Amma akwai ma'auni na biyu, wato su wa mutum yake rubuta wa. Ya yi rubutu da Turancin buroka a *Tori for Geti Bow Leg*, a lokacin da masu digiri ke ganin buroka harshen 'yan tasha ne da matan bariki. Ya yi wa yara labarin kunama mai hotuna a 1979. Ya yi littafin hotuna da Hausa mai suna *Bikin Suna*. Mutumin da ke shugabancin dubban sojoji ya zauna yana tunanin abin da yaro ɗan shekara bakwai zai karanta, wannan kaɗai ya isa a tsaya a dube shi. Kuma kada mu manta, haɗa takobi da alƙalami ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 ya kuma waƙe shi. Mu ne daga baya muka raba, muka ɗauka soja ba shi da alaƙa da littafi sai na odar yau da kullum.

Ɗan Jarida Mai Ritaya, Kano

Ku gafarce ni, zan ɗan zuba ruwan sanyi a wannan hira. Na yarda da duk abin da Malam ya lissafa, amma ina jin tsoron kada mu mai da mutumin waliyyi saboda an kashe shi. Vatsa ɗan majalisar ƙoli ta soja ne a gwamnatin Janar Buhari. Gwamnatin nan ce ta kafa Doka ta 4 ta 1984, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Ita ce kuma ta harbe samari uku a watan Afrilu 1985 kan safarar miyagun ƙwayoyi, da dokar da aka mayar da aikinta baya ta hau kan laifin da aka yi tun kafin a kafa ta. Mu da muke ɗakin labarai a lokacin mun san yadda muke karanta kowane layi sau uku kafin ya tafi maɗaba'a. Mai ƙaunar marubuta yana zaune a majalisar da ta ɗaure masu rubutu. Ban ce shi ya kawo dokar ba, amma yana cikin masu mulkin, kuma da aka kifar da Buhari ranar 27 ga Agusta 1985 ya ci gaba da zama a kujerarsa ta minista. Tsarin da ya cinye shi tsari ne da shi ma ya yi wa hidima shekara da shekaru. Idan za a tuna da mutum, a tuna da shi gaba ɗayansa.

Tsohon Samanja, Kaduna

Yallaɓai, maganarka gaskiya ce, ba zan musa ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, a ranar 13 ga Fabrairu 1976 da Dimka ya kashe Janar Murtala, Vatsa yana Kalaba, kuma yana cikin na farkon da suka fito a rediyo suka ce birged ɗinsu ba ta tare da masu juyin mulki. Shekara goma bayan haka aka ɗaure shi a jikin turke da sunan juyin mulki. Ni dai abin nan ya daɗe yana yi mini yawo a kai.

Hajiya 'Yar Bariki, Jos

Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na lura maza sun yi ta magana a kan bataliya da majalisa da littattafai, amma ba a taɓo gida ba, alhali Malam ya ce rayuwar mutumin gaba ɗaya ake son dubawa. Bari in cike wannan gurbin gwargwadon iyawata.

Matarsa 'yar Kalaba ce, kuma sun haifi 'ya'ya huɗu. Ku dubi zamanin: ɗan Arewa, hafsan sojan tarayya, da mace daga yankin da aka yi yaƙin a cikinsa. Ta yi shekara 21 bayansa, ba ta daina cewa ba a yi wa mijinta adalci ba, har ta kai kuka ga gwamnatin Obasanjo a 2006, ta rasu a 2007 ba ta ga komai ya sauya ba. Jaridu sun sha ruwaito cewa kafin a harbe shi ya cire agogonsa da zobensa ya ce a kai mata. Duk lokacin da na ji wannan sai na tuna mahaifiyata.

Mahaifina ƙaramin soja ne, kofur, kuma rashin lafiya ce ta ɗauke shi, babu wata tuhuma a kansa. Duk da haka, ba mu daɗe da yin sadakar arba'in ba aka aiko cewa a fitar da kaya domin an ba wani gidan. Ina da shekara 11. Har yau ina ganin mahaifiyata tana naɗe tabarmi tana ɗaure tukwane da igiya, akwatin ƙarfen Baba yana tsakar gida da lambarsa a rubuce da farin fenti, maƙwabta suna leƙe ta taga suna jin kunyar fitowa. Shekara uku ta yi tana zirga-zirga zuwa wani ofishi kan haƙƙinsa, kullum a ce fayil bai sauko ba. To idan haka aka yi wa iyalin wanda ya mutu da mutuncinsa, ku auna iyalan mutum goma da aka ce sun ci amanar ƙasa. Su wa za su yi musu sallama? Wace ƙawa ce za ta shiga gidan alhali mijinta yana jiran ƙarin girma? Kuma ba a ba su gawa ba, balle su san inda za su tsaya su yi addu'a. Sunan Vatsa ne ya shahara, amma akwai gidaje tara da ba a ko ambatonsu.

Game da littattafan yaran nan kuma, Malam, ni ban yi mamaki ba. Mutumin da ke da yara ƙanana a gida shi ne ya san babu abin da za a miƙa musu su karanta wanda ya yi kama da rayuwarsu. Mu a makarantar bariki labarin dusar ƙanƙara muke karantawa muna zufa.

Lauya, Abuja

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa Mama da alheri. Tun da kin ambaci sauran tara, ya kamata a faɗi wasu daga cikinsu: Laftanar Kanar Musa Bitiyong, da Laftanar Kanar Mike Iyorshe, da Laftanar Kanar Christian Oche, da Manjo Daniel Bamidele, da hafsoshin sojan sama da na ruwa. Manjo Janar Charles Ndiomu ne ya shugabanci kotun. Babban abin da aka riƙe a kan Vatsa shi ne Naira dubu 10 da ya ba Bitiyong. Masu gabatar da ƙara suka ce kuɗin shirya juyin mulki ne, shi kuma ya tsaya a kan cewa rance ne na noma.

Ni ba zan yanke hukunci a nan cewa ya yi ko bai yi ba, domin mutane biyu da suka fi kowa kusa da al'amarin ma ba su daidaita ba. Janar Bali, wanda ya karanta sanarwar da bakinsa, ya faɗa a wata hira a 2006 cewa bai gamsu hujjar ta kai a kashe mutum ba. Janar Babangida kuma, a littafin tarihin rayuwarsa da aka ƙaddamar a Abuja a watan Fabrairu 2025, ya tsaya a kan cewa hujjar ta tabbata, kuma dokar soja ba ta san abota ba. Abin da ya dame ni a matsayina na lauya shi ne hanyar da aka bi. Babu ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu, majalisar da aka ce ita aka yi niyyar kifarwa ita ce ta tabbatar da hukuncin, kuma tsakanin yanke shi da zartar da shi kwanaki kaɗan ne. Marubuta Chinua Achebe da Wole Soyinka da J. P. Clark sun je Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin, neman a yi sassauci, suka fito da kyakkyawan zato, ba su ankara ba sai labarin harbi suka ji.

Ɗalibi, Minna

Ranka ya daɗe, to afuwar da Shugaba Tinubu ya yi masa a watan Oktoba 2025 ba ta rufe wannan babin ba ke nan?

Lauya, Abuja

Ta rage wani abu, amma ba ta rufe ba. Afuwa daban, wankewa daban. Wanda aka yi wa afuwa, abin da aka ce masa shi ne an yafe maka, kuma ba a yafe wa mutum abin da bai yi ba. Wankewa ita ce a buɗe takardun shari'ar a sake duba su, a ce hukuncin ya inganta ko bai inganta ba. Wannan ba a yi shi ba. Duk da haka ba zan raina ta ba, domin ga 'ya'ya da jikokin da suka girma da wannan tabo a jikin sunansu, ko kalma ɗaya daga bakin hukuma tana da nauyi.

Malamin Adabi, Zariya

Kun gani ko? Na roƙa a yi maganar shekara 45, ga shi mun sake komawa Kirikiri. Samanja ya riga ya gaya mini haka za a yi, na kuwa sallama masa. Na kuma karɓi gyaran Yallaɓai Ɗan Jarida, kuma idan na koma aji zan haɗa da shi, domin ɗalibi ya fi amfana da mutum mai saɓani a rayuwarsa fiye da gunki. Hajiya kuma ta nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba, cewa littattafan yaran daga cikin gidansa suka fito. Shekara nawa ina koyar da su a matsayin aikin minista mai sha'awar adabi.

Marubuciya, Abuja

Kafin a tashi, Malam, a bar ni in faɗi abin da ya rage a ƙasa wanda ido ke iya gani. A 1985, yana ministan Abuja, ya karɓi baƙuncin taron Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, ya kuma ba ta fili mai faɗi a Mpape domin a gina ƙauyen marubuta. Ku tuna a lokacin Abuja yawancinta daji ce, gwamnati ba ta tare a cikinta ba sai ranar 12 ga Disamba 1991, kuma kowa filin ma'aikata da na otal yake nema. Bayan rasuwarsa filin ya yi shekaru da yawa a yashe, aka yi ta shari'a a kansa, wani ɓangare ya salwanta, sai a 'yan shekarun nan aka samu gine-gine suka tashi, kuma sunansa wurin yake ɗauke da shi.

Na je taro a can. Hanyar hawa ce, ka bi ta cikin cunkoson Mpape da manyan motocin dutse da ƙurarsu, sai kawai ka tsinci kanka a kan tudu, duwatsu a kewaye, birnin yana shimfiɗe a ƙasa. A zauren taron na ga 'yan makaranta da aka kawo su karanta waƙoƙinsu, wata yarinya takardar tana rawa a hannunta har ta gama. Abin da ya ba ni haushi shi ne, na zagaya teburan masu sayar da littattafai kaf ina neman ko ɗaya daga cikin nasa, ban samu ba. Wani dattijo mai sayarwa ya ce mini rabonsa da ganinsu tun yana saurayi.

Saboda haka ina tambaya: akwai wanda ke da kwafin *Bikin Suna* a cikinku? Ko a yage yake ina so in gani.

Tsohon Samanja, Kaduna

Wannan kam ba ni da shi, 'yata. Amma na waƙoƙin sojojin ina jin yana cikin akwatin ƙarfena, ƙarƙashin tsofaffin kakina, idan gara ba ta riga mu ba. Jikana zai zo ranar Asabar, zan sa ya sauko da akwatin mu duba, in an same shi ya ɗauki hoton shafukan ya sa muku a nan.